Zuru: Da Wane Harshe Ake Buɗe Aji?

Wanda ya taso daga Birnin Kebbi zai nufi Zuru, ta Jega zai bi, ya miƙe kudu a kan babban titin da ke zuwa Yawuri, in ya kai Koko ya saki titin ya karya hagu, ya yi gabas ta Mahuta da Dabai. Tun bai kai Mahuta ba ƙasa za ta fara sauya masa. Shimfiɗaɗɗen fili da fadamun shinkafa sun zauna a baya, duwatsu sun fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kaɗanya da ɗorawa na tsaye a tsakiyar gonakin dawa, inuwa ta fi ta arewacin jihar kauri. Amma sauyin da ya fi wannan girma kunne ne ke kama shi. A motar haya fasinjoji da Hausa suke ciniki da direba, da Hausa suke yi wa juna sannu da hanya, sai can a tsakiyar tafiya mace ta juya ga ɗanta da ke ƙiriniya ta tsawata masa da wani harshen da Bahaushen Gwandu ko na Argungu ba zai tsinci ko kalma ɗaya a ciki ba. Yaron kuwa nan take zai natsu, domin da harshen da ya fi shiga ransa aka yi masa magana. Duk abin da zan faɗa game da makarantun firamare na wannan ƙasa daga wannan ɗan abin da ke faruwa a mota ya samo tushe.

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba, a kudu maso gabashin jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991. Mafi yawan mutanen garin Zuru da kewayensa su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna, harshensu C'lela. Ga Fakkawa ta wajen Mahuta, ga Dukkawa da Kambari da Acifawa ta wajen Sakaba, ga Bangawa, ga Fulani a rugage, ga Hausawa da suka zauna tun kaka da kakanni suna fatauci da malanta. Musulmi da Kirista a nan sukan fito daga ɗaki ɗaya, kuma makarantun mishan sun riga na gwamnati isa wasu ƙauyukan. Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa da tasha da asibiti, har da wa'azin masallaci da na coci. Sai dai harshen da ke haɗa manya a kasuwa ba lallai ne ya zama shi ɗan shekara shida ya taso da shi a bayan mahaifiyarsa ba, kuma a nan ne maganar makaranta take fara wuya.

Matafiyin da ya kwana a Zuru ya fito da sassafe zai ga abin da ake gani a kowane gari na Arewa. Yara cikin yunifom suna tururuwa, wani da tsintsiya, wani da jakar leda mai littafi ɗaya da guntun fensir. A filin makaranta an yi layi aji aji, an yi taken ƙasa, hedimasta ya duba farce da wuyan riga, makararru sun durƙusa a bakin ƙofa. Daga nan aka shiga aji, kuma daga bakin titi ana jin abin da ke gudana: malama ta faɗi jimla da Turanci, murya sittin ko fiye ta amsa gaba ɗaya, ta sake faɗa, su sake amsawa, har sautin ya zama kamar waƙa. Mai wucewa zai ce karatu ya kankama. In da zai shiga ya ɗauki yaro ɗaya daga bencin baya, ya nuna masa kalma guda daga tsakiyar jimlar da aka rubuta a allo ya ce mece ce wannan, da yawa za su koma farkon jimlar su rero ta har su iso wurin da yatsa yake, wasu kuma su sunkuyar da kai. Wannan hadda ce, kuma hadda tana da gurbinta a ilimi, amma yaron da ya haddace sautin da bai san ma'anarsa ba bai fara karatu ba tukuna. Ra'ayina shi ne, a shekaru ukun farko na firamare, wajibi ne a koya wa yaro karatu da rubutu da lissafi da harshen da yake ji sosai, Turanci kuma ya zo a matsayin darasi mai zaman kansa tun daga aji ɗaya. A Zuru wannan yana nufin Hausa a wasu azuzuwan, C'lela ko harshen Fakkawa ko na Kambari a wasu, kuma mutanen wurin ne ya kamata su tantance wanne ne a ina.

Dalilin farko yana tare da yaron kansa. Ɗan ƙauyen Zuru ba ya zuwa makaranta da kai wofi. Ya tashi a cikin al'ummar da ta daɗe da sanin yadda ake horar da yaro ta hanyar aiki. Al'adar golmo, wadda saurayi ke shiga ƙungiyar tsararrakinsa su yi wa iyayen yarinyar da zai aura noma shekara da shekaru, har bakwai a al'adance, makaranta ce ta juriya da aiki tare da biyayya ga na gaba. Kokawa ma haka, tun yaro na ƙarami yake koyon ƙa'idarta a dandali. Bikin Uhola da ake yi bayan an kawar da amfanin gona yana tattare da waƙoƙi da raye-raye da jerin tsara tsara, kuma babu yaron da aka zaunar aka yi wa laccar yadda ake yi, kallo ya yi, ya gwada, aka gyara masa. Yarinyar da ke rakiyar uwarta kasuwa ta san mudu nawa ke cikin tiya, ta san canjin naira ɗari biyar in an sayi abin ɗari uku da hamsin, ta san sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye fiye da wanda ya rubuta littafin kimiyyarta. Duk wannan ilimi a cikin harshen gida yake ajiye. Ranar da ta shiga aji aka ce daga yau ba a magana sai da Turanci, har a wasu makarantun monita na rubuta sunan wanda ya yi yaren gida domin a hukunta shi, an rufe mata wannan taska kenan, an kuma ɗora mata aiki biyu a lokaci guda: ta gano yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti, ta kuma gano ma'anar sautin a harshen da ba ta taɓa ji ba. Babba ma da wuya ya iya haɗa su. In kuwa kalmar da ta fara haɗawa a allo sunan abin da ta sani ne, tuwo ko akuya ko sunanta, da ta furta za ta ji ta gane, kuma daga wannan ganewar ce sha'awar karatu ke tsirowa.

Gwamnatin Nijeriya ta san da haka tun da daɗewa, a takarda. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, shekara guda bayan fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, ta ce a koyar da yara a farkon firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, Turanci ya karɓa daga baya. A ƙarshen 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka amince da sabuwar manufar harshe da ta faɗaɗa abin zuwa shekaru shida na firamare. Sai a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke ta, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar cewa sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ya yi muni a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan manufar 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi jarrabawar kuwa sun fito ne daga azuzuwan da littafi Turanci ne, allo Turanci, jarrabawa Turanci, malami kuma yana cakuɗa Turancin da Hausa gwargwadon yadda ya iya, ba tare da tsari ko horo ba. Abin da ya gaza kenan, kuma ba shi ake nufi da koyarwa da harshen uwa ba.

Inda aka gwada abin da gaske, sakamakon a bayyane yake. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka gudanar da gwajin shekara shida, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci, Turanci kuma ƙwararren malami ya koyar da shi a matsayin darasi. Da aka gwama su da takwarorinsu da aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza ba, a darussa da dama sun fi, kuma Turancinsu bai yi ƙasa ba. Mu ma a Arewa ba baƙon abu ba ne. Makarantun elementare na zamanin En'e da Hausa suke farawa, domin su aka kafa hukumar fassara da talifi ta Zariya, kuma littattafai irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam don ɗaliban makaranta aka rubuta su. Mutanen da suka bi ta wannan hanya su ne suka riƙe Arewa a jamhuriya ta farko, kuma ba a taɓa zarginsu da raunin Turanci ba. A 'yan shekarun nan ma shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauci da shirin RANA a Katsina da Zamfara sun koma ga wannan hanya, suka samar da littattafan koyon karatu da Hausa da jagoran malami darasi bayan darasi.

Uba a Zuru yana da abin cewa a nan, kuma ya cancanci a saurare shi da kyau. Wannan ƙasa ce da aikin soja ya ɗaukaka. Daga nan Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da ɗan'uwansa Manjo Janar Musa Bamaiyi da ya shugabanci hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, wanda ya yi gwamnan soja a Bauci daga 1984 zuwa 1985 kafin ya hau gadon sarautar Zuru. Da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan tsohon soja ba. Mutumin da ya ga yadda takarda da Turanci suka raba kurtu da hafsa a bariki ba zai yarda a yi wasa da Turancin ɗansa ba. Zai ce yaren gida ai a gida ake koyonsa kyauta, na kai shi makaranta ne don ya samo abin da ba ni da shi. Zai ƙara da cewa masu hali da ke wannan wa'azi 'ya'yansu na makarantun kuɗi inda ba a jin komai sai Turanci. Gaskiya ya faɗa a kan muhimmancin Turanci, kuma gaskiya ya faɗa a kan masu hali. Inda muka rabu shi ne hanya. Ɗan mai hali yana jin Turanci a gida, a talabijin, a bakin iyayensa, saboda haka in ya same shi a aji ba baƙo ya sama ba. Ɗan manomin Senchi ko Ribah ba ya jin sa ko'ina sai a bakin malami, sa'o'i kaɗan a rana. Dabarar haɗa baƙaƙe kuwa sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. Yaron da ya iya karanta Hausa ko C'lela a aji biyu, da haruffan boko iri ɗaya zai tunkari Turanci, abin da ya rage masa kalmomi ne da ƙa'idojin rubutunsu. Wanda bai iya karanta komai ba har aji huɗu, Turancin da uban ke nema ma ba zai samu ba, sai 'yan jimlolin gaisuwa.

Akwai kuma masu cewa, to, ai magana ta ƙare, a yi da Hausa ko'ina a jihar Kebbi, tunda kowa na ji, littattafai kuma ga su a shirye. Wannan ita ce maganar da ta fi sauƙin karɓuwa a wurinmu Hausawa, kuma ita ce na fi so mu yi hattara da ita. A cikin garin Zuru da Dabai da manyan garuruwan kan hanya, gaskiya ne yara da yawa da Hausa suke wasa, wasu ma ita ce harshensu na farko ko da iyayensu Lelna ne. A irin wannan aji, inda yara suka fito daga gidaje masu harsuna huɗu ko biyar, Hausa ce mafita, kuma manufar 1977 ta yi tanadin haka da ta ambaci harshen yanki. Amma a ƙauyen da ke bayan dutse, inda yaro bai fara jin Hausa sosai ba sai ranar kasuwa, koyar da shi da Hausa rage masa nauyi ne kawai, ba a sauke masa ba. Sannan akwai abin da ya wuce aji. Dattawan Lelna da na sauran ƙabilun wannan yanki suna kokawa a fili cewa harsunansu na ja da baya, jikoki na amsa musu da Hausa. In makarantar gwamnati ta zo ta ce Hausa ce harshen uwar kowa, za su ɗauke ta a matsayin wata hanyar haɗiye su, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba. Bahaushen da ke jin zafin yadda Turanci ke danne Hausa a makaranta ya fi kowa cancantar gane wannan zafin. Tsarin da iyaye ke zargi ba ya daɗewa, ko da masana sun sa masa hannu.

Sai maganar kuɗi da kayan aiki: harsuna sun yi yawa, ina littattafai, ina malamai? An taɓa amsa wannan tambaya a Nijeriya. A 1970, a tsohuwar jihar Ribas, inda harsuna suka fi na masarautar Zuru yawa, Farfesa Kay Williamson da Farfesa E. J. Alagoa da wasu suka fara shirin samar da littattafan koyon karatu na firamare, suka fitar da su a harsuna da karuruwan harshe kusan ashirin, tare da kwamitin 'yan kowane harshe. A lokacin babu kwamfuta a ofis, babu na'urar buga takarda a kowane lungu. C'lela kuwa ba daga sifili za a fara ba, an riga an tsara yadda ake rubuta shi, akwai masu karanta shi. Abin da aji ɗaya ke buƙata bai wuce ɗan littafi mai shafuka kaɗan ba, da katunan baƙaƙe, da tatsuniyoyi goma ko ashirin da aka karɓo daga bakin tsofaffi aka rubuta da manyan haruffa. Malamai ma suna nan. Yawancin masu koyarwa a firamaren ƙauye 'yan yankin ne, da harshen suka tashi, kuma da shi suke yin bayani a ɓoye in sun ga yara sun yi zuru. Abin da suka rasa shi ne izini da horo. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda ke yaye masu takardar NCE, za ta iya koya wa ɗalibanta yadda ake koyar da karatu da harshen gida. Hukumar SUBEB ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi kuma za su iya duba harshen malami kafin su tura shi aji ɗaya, abin da ba ya cin ko kwabo.

Da zarar harshe ya buɗe, sauran ayyukan makaranta ma sai su sami rai. Lambun makaranta, wanda a da firamare da yawa ke da shi, wuri ne na awo da ƙirga da rubuta abin da aka gani: taku nawa ne tsawon kunya, kwana nawa iri ya yi kafin ya tsiro. Garin da tsohuwar kwalejin aikin gonarsa ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020 bai kamata a ce firamarensa ba su da ko kunya goma ta gyaɗa ba. Kokawa da tsere da wasan 'yar carafke suna da gurbi a lokacin motsa jiki. Gidan tarihi na Zuru na nan cikin gari, tafiyar ƙafa ce daga makarantu da dama, kuma yaron da aka kai ya ga kayan kakanninsa ya dawo ya ba da labari da bakinsa, malama ta rubuta a allo, ajin ya karanta, ya yi darasin tarihi da na karatu a zama ɗaya. Duk waɗannan suna buƙatar yaro ya yi magana, ya tambaya, ya yi gardama da ɗan'uwansa, abin da ba zai yiwu ba a harshen da yake tsoron buɗe baki da shi.

Mai fita daga Zuru ta gabas, hanyar Ribah da Maga da Wasagu, zai gamu da hujjar da ta fi duk sauran nauyi. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi Danko-Wasagu da Sakaba, an tashi ƙauyuka, manoma sun bar gonaki. A Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a masarautar da ke maƙwabtaka, a Nuwamban 2025 kuma aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka tafi da ɗalibai 25. Wanda ya ce a irin wannan hali maganar harshen koyarwa ta jira, a fara da tsaro da rufin aji da benci, ba zan ce masa ya yi kuskure a kan abin da ya fi gaggawa ba. Rai ne gaba. Amma rashin tsaron ya ƙara wa maganar harshe nauyi ne. Yaran da aka raba da ƙauyukansu suna shigowa garuruwa, suna cika azuzuwan da tuni a cike suke, wasu sun yi zango biyu ko uku ba su ga allo ba, kuma su ne mafi ƙarancin jin Hausa, balle Turanci. Yaron da ba a san ko shekara nawa zai samu a makaranta ba, dole a ba shi karatu da lissafi a cikin mafi gajeren lokaci, kuma harshen da yake ji shi ne ya fi saurin kai shi. Uban da ke auna haɗarin tura 'yarsa makaranta kowace safiya yana duba abin da take dawowa da shi. In ta shekara uku ba ta iya karanta sunan magani a kwali ba, zai ajiye ta a gida, kuma samun tsaro daga baya ba lallai ya sa ya mayar da ita ba. Samar da tsaro aikin Abuja ne da Birnin Kebbi, kuma ba a san ranar gama shi ba. Tantance harshen da za a buɗe aji ɗaya da shi a kowace makaranta kuwa aiki ne da hedimasta da kwamitin iyaye da sakataren ilimi za su iya zama su yi kafin zangon karatu mai zuwa, su kai wa hukumar jiha buƙatarsu a rubuce, ko da sanarwar Abuja ta ce Turanci.